Darasi: Yadda Ake Sa wa Allon Injin Ƙyanƙyasa Sabon Umarni Ba Tare da Hasara Ba

 

A yawon da muke yi wurin ƙungiyoyi mun ga kiwon kaji yana ƙaruwa. Waɗansu ƙungiyoyi sun sayi injin ƙyanƙyasar ƙwai a kasuwa. Waɗansu kuwa samarinsu ne suka haɗa musu nasu, da akwatin katako, da fitila mai ba da zafi, da ƙaramar fanka, da wani ɗan allo mai ƙafafu da yawa wanda bai kai tafin hannu ba. Wannan ɗan allo shi ne mai tsaron ƙwan dare da rana. Darasinmu na wannan wata a kansa yake, watau yadda za a sake masa umarni ba tare da an lalata shi ba, ba kuwa tare da an kashe ƙwan ƙungiya ba.

Darasin ba na samari masu kwamfuta kaɗai ba ne. Shugaba da ma'aji da magatakarda su ma su karanta shi, gama su ne za su ce a yi ko a dakata.

ABIN DA YA SAME MU BARA

Bara wata ƙungiya ta kira mu mu duba injinta. Akwai ƙwai 120 a ciki, sun yi kwana 12. Matan ƙungiyar ne suka tara su, wata ta kawo biyar, wata goma. Saurayin da ke lura da injin ya sami sabon umarni wanda zai sa a riƙa ganin zafin akwatin a wayar hannu. Ya tambaye mu ko ya sa. Muka ce ya sa. Laifin namu ne, ba nasa ba.

Aikin bai kai minti biyu ba. Kwamfuta ta nuna an gama lafiya, fitila ta kama, muka yi murna muka tafi cin abinci. Da yamma da aka buɗe akwatin, zafi ya kai digiri 44. Ko ɗan tsako guda ba a samu ba.

Daga baya muka gane dalili. Tsakanin allo da fitila akwai wani makunni da ake kira rile. Rile iri biyu ne. Wani yana kamawa in allo ya aiko masa da wuta, wani kuwa yana kamawa in allo ya ɗauke wutar. An rubuta sabon umarnin domin iri na fari, namu kuwa iri na biyu ne. Saboda haka duk sa'ad da allo ya ce "kashe", sai fitila ta ji "kunna". Allon bai lalace ba, har yau yana aiki. Abin da ya lalace shi ne ƙwai, da kuma amincewar matan nan, wadda ta fi ƙwan wuyar mayarwa.

MENE NE WANNAN ALLO?

A tsakiyar allon akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa ta lantarki. Masu sana'ar suna kiranta maikurokwantirola. Ba ta da tunanin kanta. Abin da aka rubuta mata shi take bi, daidai ko kuskure. Wannan rubutu shi muke kira umarnin ciki, su kuma suna ce masa famwaya. Zuba shi cikin allo shi ne abin da masu gyaran wayar hannu a kasuwa suke kira filashin.

Alluna iri biyu ne muka fi gani. Na fari shi ne Arduino Uno. An fara aikin Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai, Uno kuwa ya fito a 2010. Yana aiki da wuta bolt 5. Na biyu shi ne ESP32, wanda kamfanin Espressif na birnin Shanghai a ƙasar Sin ya fitar a 2016. Yana aiki da bolt 3.3, yana kuma iya magana da wayar hannu ba tare da an haɗa su da waya ba. A kan ESP32 za mu fi yin magana, gama shi ne a injin da muka ambata.

Ku tuna da allon makaranta. Malami ba ya rubutu a kan rubutu. Sai ya share na jiya tukuna, sa'an nan ya rubuta na yau. Haka ma'ajiyar umarni take a cikin ESP32, wadda a yawancin alluna girmanta megabait 4 ne. Ana share wurin da za a rubuta, sa'an nan a rubuta. In wuta ta yanke a tsakiya, tsohon ya tafi, sabon kuwa rabi ne, allo ba zai yi aiki ba.

Amma kada wannan ya tsorata ku. Akwai wani ɗan umarni dabam da aka sassaƙa cikin ƙwaƙwalwar tun daga masana'anta, kamar sunan makaranta da aka rubuta da fenti a saman allo, wanda tsumma ba ya sharewa. Aikinsa shi ne ya karɓi sabon rubutu daga kwamfuta. Tun da yake ba ya sharuwa, in rubutu ya katse sai a sake daga farko. Uno ma yana da mai karɓa irin wannan a wani lungu na ma'ajiyarsa, rubutun da ake yi ta kebul ba ya taɓa shi. Ma'ajiyar Uno tana jure sharewa da rubutu sau 10,000, saboda haka ba za ta ƙare a hannunmu ba.

INDA HAƊARI YAKE

Mun ga cewa rubutun kansa da wuya ya kashe allo. Ga abubuwan da ke kawo hasara:

1. Wutar gida. Fitilar injin tana aiki da bolt 220 zuwa 240. Wannan wuta tana kashe mutum. Tana kuma isowa har kan rile, kusa da inda yatsunmu za su yi aiki.

2. Wutar da ta fi ƙarfin allo. Ƙafafun ESP32 ba sa ɗaukar abin da ya wuce bolt 3.6. In wayar bolt 5 ta taɓa su, suna iya ƙonewa. Batirin sola mai bolt 12 yakan haura 14 sa'ad da yake caji. Kada a haɗa shi kai tsaye da wannan allo.

3. Wuta daga wuri biyu. Masu ƙera allon sun ce a ba shi wuta ta hanya guda kaɗai. In kebul na kwamfuta yana ciki, a cire wayar da ke kawo wuta daga injin.

4. Tartsatsin jiki. Da hunturu, in mutum ya tuɓe rigar leda da dare, yakan ji ƙas-ƙas, har ya ga ɗan haske. Wannan tartsatsi ba ya yi mana kome, amma yana iya lalata ƙwaƙwalwar allo. Iskar hunturu busasshiya ce, shi ya sa abin ya fi yawa a lokacin.

5. Allo marar direba. Sa'ad da ake rubutu, tsohon umarni ya tsaya, sabo bai fara ba. Ba mai riƙe da ƙafafun allo. Rile yana iya kamawa ko ya saki yadda ya ga dama.

6. Umarnin da bai dace da injin ba. Wannan shi ne ya kashe ƙwanmu. Kwamfuta tana duba ko rubutu ya shiga daidai. Ba ta san ko abin da aka rubuta ya dace da wayoyinku ba.

SHIRI KAFIN A FARA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙwan kaza yana kwana 21 kafin ya ƙyanƙyashe, na zabuwa kuwa kwana 26 zuwa 28. A cikin waɗannan kwanaki kada kowa ya taɓa umarnin allo, sai dai in injin ya tsaya cik. A jira 'yan tsaki su fita, a wanke akwati, sa'an nan a sa rana. Ƙwan da ake tarawa domin zubi na gaba yana iya jira har kwana 7 a wuri mai sanyi, saboda haka akwai sarari.

Ga kayan da za a tanada:

Kwamfuta mai batir, wadda aka cika ta da caji. In aka ɗauke wuta, ko janareta ta mutu, aiki ba zai katse ba.

Kebul na USB mai kyau, gajere. Waɗansu kebul na caji ne kaɗai, wayoyi biyu ne a cikinsu maimakon huɗu. Fitilar allo za ta kama, amma kwamfuta ba za ta gan shi ba. Ku gwada kebul ɗin da wayar hannu. In ana iya kwashe hotuna da shi zuwa kwamfuta, ya yi.

Tebur na katako busasshe. Kada a ajiye allo a kan tire na ƙarfe, ko kusa da ƙusa da guntayen waya, gama ƙarfe yana haɗa ƙafafun da bai kamata su haɗu ba.

Mita ta auna wuta, da ma'aunin zafi dabam, ko da na asibiti ne wanda ake auna zazzaɓi da shi. Sai littafin ƙungiya da biro.

MATAKAI GOMA

1. A zare fulogin injin daga bango. Kashe makunni bai isa ba. In akwai batir, a cire shi. Mutum na biyu ya duba ya tabbatar.

2. A zana hoton wayoyi a littafi, kowace waya da launinta da lambar ƙafar da take kai. A ɗauki hoto da wayar hannu kuma.

3. A taɓa ƙarfen ƙofa ko famfon ruwa da hannu domin tartsatsin jiki ya fita. A riƙe allo ta gefe, kamar yadda ake riƙe hoto.

4. A cire allo daga injin, a raba shi da dukan wayoyi. Akwai dalili na biyu ban da haɗari. A ESP32 na asali, ƙafafu masu lamba 0 da 2 da 12 su ne allo yake dubawa sa'ad da yake tashi, domin ya san abin da zai yi. Masu lamba 1 da 3 kuwa ta nan rubutu yake bi. In wani abu yana maƙale da su, rubutu yana iya ƙi.

5. A karanta sunan da ke jikin murfin ƙarfe na allon. ESP32 dangi ne. Akwai na asali, akwai ESP32-S3, akwai ESP32-C3. Umarnin da aka shirya wa ɗaya ba ya aiki a ɗaya. A zaɓi sunan da ya dace a cikin shirin Arduino IDE.

6. A sa kebul, a nemi ƙofar da allon ya fito. A kwamfuta mai Windows sunanta yakan zama COM3 ko COM4 ko makamancinsu. In ba ku tabbata ba, ku zare kebul ku ga wadda ta ɓace. In ba ta fito sam ba, a duba ɗan ƙaramin abu baƙi da ke kusa da bakin kebul. Yawanci an rubuta masa CP2102 ko CH340. Kowannensu yana da ɗan shirin da za a sa wa kwamfuta kafin ta gane shi.

7. A kwafe tsohon umarni a ajiye. Manomi ba ya cinye iri. Shirin da ake kira esptool yana iya karanta dukan ma'ajiyar allo ya zuba ta a fayil guda. Kalmar da ake ba shi ita ce read-flash, daga 0 har ƙarshen megabait 4. A gudu na 115200 aikin yana cin kamar minti 6. A rubuta kwanan wata a sunan fayil ɗin, a ajiye shi wuri biyu. In sabon umarni ya ƙi, da write-flash za a mayar da tsohon yadda yake.

8. A duba sabon umarni kafin a zuba shi. Mai aikin ya buɗe rubutun, ya nuna wa mutum na biyu abu uku: lambar ƙafar da ke zuwa rile, ko ta yi daidai da zanenmu, irin rilen da aka rubuta shi dominsa, da zafin da aka sa, wanda ga injin mai fanka digiri 37.5 ne ko kusa da haka. Fayil da aka turo ta waya, ba a san wanda ya rubuta shi ba, ba a kuwa iya karanta cikinsa, kada a sa shi a injin ƙungiya.

9. A danna maɓallin kibiya, a janye hannu. Kada a motsa kebul, kada a rufe kwamfuta. Lambobi za su riƙa hawa har 100. A ƙarshe shirin yana gwada abin da ya shiga da abin da aka aika, ya rubuta Hash of data verified. Sai an ga wannan za a ce an gama.

10. A danna maɓallin EN domin allo ya tashi da sabon umarni. A buɗe tagar da ke nuna abin da allo yake faɗa, a ga ko yana aiki ko kuwa yana ta sake tashi.

Gargaɗi biyu. Kalmar erase-flash tana share kome da kome, har da zafin da aka daidaita da kalmar sirri ta wayifai. Kada a yi amfani da ita sai an yi mataki na 7. Akwai kuma wani shiri mai suna espefuse, mai ƙona waɗansu ƙananan fis a cikin ƙwaƙwalwa. Abin da ya ƙona ba ya komowa har abada. Ba ruwanmu da shi.

IN AIKI YA ƘI

In kwamfuta ta tsaya a kalmar Connecting tana ta ɗigo-ɗigo, allo bai shiga halin karɓa ba. A danne maɓallin BOOT, a danna EN sau ɗaya a saki, sa'an nan a saki BOOT, a sake gwadawa.

In rubutu yana farawa yana katsewa, a sake kebul, a sa shi kai tsaye a jikin kwamfuta. A rage gudu kuma. Shirin yakan sa 921600, a mayar da shi 115200. Sannu ba ta hana zuwa.

In aka ce ƙofa tana hannun wani, akwai wata taga a buɗe da ke riƙe da ita. A rufe ta.

In allo yana ta mutuwa yana tashi, sau da yawa wuta ce ba ta ishe shi ba. ESP32 yana jan wuta sosai sa'ad da ya kunna wayifai. Masu ƙera shi sun ce a tanada masa abin da zai iya ba da miliyamfiya 500 ko fiye.

In kuwa wani abu a jikin allo ya yi zafi har yatsa ba ya iya zama, ko aka ji ƙauri, a zare kebul nan da nan. Wannan ba maganar umarni ba ce.

GWAJI KAFIN A SA ƘWAI

Nan ne muka fāɗi bara, saboda haka ku lura da kyau.

Gwaji na fari, ba wutar gida. A mayar da wayoyin ma'aunin zafi da na rile bisa ga zane, amma fulogin fitila yana waje. Sa'ad da ma'aunin yake da sanyi, rile ya kama, za ku ji ƙas. A sa mita a bakinsa a tabbatar hanya a buɗe take ga fitila. Sai a zuba ruwa mai ɗumi a kwalba, a jingina ma'aunin a jikinta. Da zarar zafi ya haura abin da aka sa, lalle rile ya saki, mita ta nuna hanya ta yanke. In ya yi akasin haka, a tsaya, an juya umarni. Wannan gwaji minti biyar ne. Da mun yi shi, da ƙwai 120 sun tsira.

Gwaji na biyu, akwati ba kome. A rufe dukan wayoyin wutar gida, a sa fulogi, a bar injin ya yi aiki sa'a 24. A sa ma'aunin zafi na dabam a ciki, daidai tsayin da ƙwai za su zauna. A rubuta abin da ya nuna da safe, da tsakar rana, da yamma, da tsakar dare. A gwada da abin da allo yake faɗa.

Gwaji na uku, ɗauke wuta. A zare fulogi, a jira minti ɗaya, a mayar. Allo ya tashi da kansa, ya koma zafin da aka sa masa, ba sai an danna kome ba. A yi haka sau uku.

Ku tuna, ƙwai suna jure ɗan sanyi. Kaza ma takan tashi daga kansu ta je ta ci abinci. Zafi ne ba sa jurewa. In ya wuce digiri 40 ya daɗe, ɗan tsakon da ke ciki yana mutuwa. Saboda haka muna ba da shawara a sa wani makunnin zafi dabam a kan wayar fitila, wanda ba ruwansa da allo, mai yanke wuta da kansa in zafi ya yi yawa. Masu gyaran lantarki sun san shi, suna ce masa tamosta.

AIKIN ƘUNGIYA

Injin na kowa ne, saboda haka kada saninsa ya zauna a kan mutum guda. Saurayi yana iya samun makaranta ko aiki a birni ya tafi da kwamfutarsa. Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa waɗannan a cikin dokokinta:

Ba a sake umarni sai da iznin taro, sai kuma akwati ba ƙwai.

Mutum biyu ne za su yi aikin, ɗaya yana yi, ɗaya yana karanta matakai yana sa alama.

Magatakarda ya rubuta ranar da aka yi, da wanda ya yi, da abin da aka sake, da sakamakon gwaji uku.

Ma'aji ya ajiye kwafin tsohon umarni da na sabo, da rubutun da ake iya karantawa, a ɗan filas tare da takardun ƙungiya.

In hali ya yi, a sayi allo na biyu, a zuba masa umarnin da aka riga aka gwada, a nannaɗe shi a takarda a ajiye a gwangwani busasshe. Ran da na cikin injin ya mutu ƙwai suna ciki, sauya allo ya fi filashin da tsakar dare sauƙi.

Ƙungiyar da muka ba ku labarinta ta bi waɗannan dokoki. Matan sun sake kawo ƙwai, ko da yake ba dukansu ba tukuna.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A TARO

1. Me ya sa katsewar rubutu ba ta kashe allo? Me ke kashe shi?

2. Kwamfuta ta ce an gama lafiya. Wane abu ne ba ta iya gaya mana ba?

3. In mai lura da injinku ya yi tafiya gobe, wa zai iya mayar da tsohon umarni? Ina kwafin yake?

4. In aka yi hasarar ƙwai saboda kuskure irin namu, yaya ƙungiyarku za ta raba nauyin?

Kafin taro na gaba, ku zana wayoyin injinku a littafi, ku kawo mu duba tare sa'ad da muka zo zagaye. A wata mai zuwa za mu yi magana a kan danshi a cikin akwati, da dalilin da ya sa ake daina juya ƙwai a rana ta 18.

Mu ne naku,
Malaman gona na sashen raya karkara.